AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Ina Giwa Da Ɓaunar Ƙasar Jega Suka Shiga?

TAMBAYA: A wannan mako mun ɗauko takardar wani mai sauraronmu ne daga garin Gehuru, cikin Ƙaramar Hukumar Jega ta Jihar Kebbi. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, sai ya ce a maƙwabtansu akwai gari mai suna Rafin Ɓauna a ƙasar Aliero, akwai kuma Giwa Tazo da Gumbin Kure a ƙasar Maiyama, amma shi tun da ya tashi bai taɓa ganin giwa ko ɓauna ba sai a hoto. Saboda haka yake tambaya, shin da gaske ne an taɓa yin waɗannan namun daji a ƙasarsu? In kuwa an yi, ina suka shiga? Kuma wa ke da alhaki, mutane ne, ko kuwa canjin yanayin nan da ake ta faɗa a rediyo?

AMSA: To Malam mai tambaya, mun gode ƙwarai da wannan takarda taka, Allah ya bar zumunci. Amsar tambayarka ta farko ita ce, i, da gaske ne. Bahaushe ba ya raɗa wa wuri suna haka siddan. Sunayen nan da ka lissafa suna daga cikin shaidar da masana tarihi kan dogara da ita in suna son sanin yadda ƙasa take a da, domin kuwa sau da yawa dabba takan ɓace, amma sunanta ya zauna daram a kan rafi, ko tudu, ko gari. Sauran tambayoyin naka kuwa, sai mun ɗan koma baya, kamar shekara ɗari biyu, kafin mu iya warware maka su. Sai ka gyara zama.

Da farko dai ka dubi inda Allah ya ajiye ku. Garin Jega yana bakin Gulbin Zamfara ne, wanda waɗansu ke kira Gulbin Gindi. Wannan gulbi ya gangaro daga ƙasar Zamfara, ya bi ta wajen Anka da Gummi, ya wuce Jega, sa'an nan ya haɗu da Gulbin Kebbi a kudu maso yamma da Birnin Kebbi, su kuma su faɗa cikin Kogin Kwara. Ƙasa ce mai tudu da fadama. A tudu akwai sabara da geza da taramniya da gawo da kuka da ɗorawa, a fadama kuwa ga ciyawa ɗanya har tsakiyar rani, ga tafkunan da ambaliya ke bari in ruwa ya janye. Irin wannan wuri shi ne abin da naman daji ke nema. Don haka a irin wannan shiyya, tun daga Senegal har Tafkin Chadi, an san giwa da ɓauna da gwanki da kanki da mazo da barewa da gada da mugun dawa. An san masu cin su, watau zaki da damisa da kura da kyarkeci. A cikin ruwa kuma ga dorina da kada da ayu, a bakin ruwa ga gauraka da dinya da zalɓe.

ZAMANIN GANUWA DA DOKAR DAJI

Abin da ya kamata ka gane shi ne, a ƙarni na 19 mutanen wannan yanki ba su da yawa kamar yanzu, kuma ba a warwatse suke zaune ba. Wajen shekara ta 1820 ne Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin Jega ƙarƙashin Gwandu, kuma kafin ƙarshen ƙarnin kasuwar Jega ta shahara ƙwarai, ta zama mahaɗar fatake masu goron Gwanja da gishirin Foga da tufafi da dawaki. Amma da zarar ayari ya bar ƙofar gari ya wuce gonakin karkara, to sai dokar daji. Dalili kuwa shi ne yaƙi. Tun daga shekara ta 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabawa, ba a daina gwabzawa tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato ba sai zuwan Turawa, in ban da 'yan shekarun sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga. Ba mai iya yin gona nesa da ganuwa, don gudun kada mahara su kama shi. Baturen nan ɗan yawon duniya na ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, kuma labarin da ya bayar na ƙasar Kebbi cike yake da garuruwa masu ganuwa da kufai. Can gabas da Sakkwato ma akwai dajin Gundumi, wanda matafiya kan ratsa ba dare ba rana saboda rashin ruwa da tsoron hari.

Ka ga ke nan, abin da ya zama masifa ga mutane shi ya zama rufin asirin namun daji. Duk filin da ke tsakanin gari da gari nasu ne.

Ban da wannan kuma, mutanen da suna da nasu tsari. Ba kowa ke shiga daji ya yi harbi ba, akwai maharba da shugabansu, Sarkin Baka ko Sarkin Daji, makaminsu kuwa kwari da baka da dafi da tarko, sai ɗan abin da ba a rasa ba na bindigar toka. Maharbi yakan yini yana rarrafe da kan burtu a goshinsa kafin ya sami barewa guda. A ruwa ma haka, akwai Sarkin Ruwa, kuma akwai tafkin da ba a taɓawa sai ranar da aka ba da izinin su, gari duka a fita tare. Har ila yau akwai hurumi da makiyaya da burtali, waɗanda ba a noma su. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ma ya yi wani ɗan littafi mai suna Ta'alimur Radi, a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, abin da ke nuna cewa maganar wane fili za a sare, wane za a bari, tsohuwar magana ce a ƙasarku.

ANNOBA, TURAWA DA TUNGA

Bugu na farko mai tsanani ya zo ne ta hanyar cuta. A shekara ta 1887 ciwon bushiya ya shigo Afirka ta ƙasar Eritiriya, tare da shanun da sojan Italiya suka kawo. Kafin 1891 ya iso ƙasashenmu, ya karkashe shanu ba adadi, har akwai wuraren da ba a tsira da ɗaya cikin goma ba. To, wannan ciwo ba shanu kaɗai yake kamawa ba. Yana kashe ɓauna da mugun dawa da raƙumin dawa da waɗansu irin su. Ya sake dawowa sau da dama, na baya-bayan nan mai muni a Nijeriya shi ne na 1983, kuma sai a shekara ta 2011 aka ba da sanarwar an kawar da shi daga duniya baki ɗaya.

Bugu na biyu ya zo da zaman lafiya. Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, hare-hare suka tsaya, mutane suka fara fita daga cikin ganuwa suna neman sabuwar ƙasa. Wani ya ɗauki iyalinsa ya je ya yi sassabe ya kafa bukka, gobe ɗan'uwansa ya bi shi. In ka duba taswirar Jihar Kebbi za ka ga garuruwa barkatai masu suna Tungar wane, Tungar wane. Kowace tunga ka gani, to a da daji ne. Ga kuma haraji da Turawa suka ce sai da kuɗi za a biya, wanda ya tilasta wa talaka ya ƙara faɗin gona, ya shuka gyaɗa da auduga. Aka yi hanyoyin mota, bindiga ta yawaita a hannun mutane, Turawan kansu kuma harbin manyan namun daji wasa ne a wurinsu. Tun kafin wannan ma, cinikin hauren giwa da gashin jimina daga Kano zuwa Tarabulus ta hamada ya riga ya rage waɗannan halittu biyu.

Ba a ce ba a yi doka ba. A 1916 Turawa sun kafa dokar kare namun daji, suka kuma shiga keɓe gandun daji ƙarƙashin En'e, da malaman daji masu tsaro. A 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji, a 1985 kuma gwamnatin soja ta fito da Doka ta 11, wadda ta hana kamawa da cinikin dabbobin da ke gab da ƙarewa. An keɓe Yankari a 1956, an kafa Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji a 1979. Sai dai doka tana hana harbi ne, ba ta hana mutum haihuwa, kuma duk wanda aka haifa sai ya ci tuwo.

JAMA'A TA ƘARU, DAJI YA RAGU

Ga lissafi ka ji. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, ta 1991 miliyan 88 da 'yan kai, ta 2006 miliyan 140, yanzu kuwa an haura miliyan 200. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da mutum miliyan biyu da 'yan kai a wannan shekara, amma kafin 2006 ta wuce miliyan uku da dubu ɗari biyu. Ƙasa kuwa tana nan yadda take, ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. A da manomi yakan bar gona ta huta shekaru, ta zama saura, itatuwa su tsiro, zomo da gada da zabin daji su sami mafaka. Yanzu wa ke da gonar da zai bari ta huta? Aka cinye saura, aka shiga burtali, aka shiga gandun daji. Mafi yawan gidaje kuma da itace ko gawayi suke girki, kullum sai an sari daji an kai birni. Ga ƙunar daji da 'yan farauta ke yi da rani don su kama gafiya da zomo, wuta ta cinye 'ya'yan itatuwa da ƙwan tsuntsaye.

Fadama ita ce ta ƙarshe da ta faɗa hannu. Tun daga shekarun 1990, da shirin Fadama ya kawo ƙananan injunan ban-ruwa da rijiyoyin tiyo, noman rani ya bunƙasa. Albasar Aliero ta yi suna a Nijeriya duka. A watan Nuwamba na 2015 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, shinkafa ta ƙara mamaye bakin gulbi. Wannan arziki ne, ba mai musu, ya ciyar da gidaje da yawa, ya hana samari da dama tafiya ci-rani. Amma wurin nan da ake shuka shinkafa da albasa da tattasai, nan ne dorina ke kiwo da dare, nan ne gauraka ke yin sheƙa, nan ne kuma naman tudu ke gangarowa shan ruwa da bazara.

Sa'an nan ga madatsun ruwa. An gama ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohon garin Busa, aka ta da mutum wajen 44,000. An gama ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, inda a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Ta Goronyo a kan Gulbin Rima ta biyo baya a 1984. Abin da madatsa ke yi shi ne ta riƙe ruwan damina, ta rage ambaliyar da kan malale fadamun da ke ƙasa da ita. Kifi kuwa a cikin ciyawar da ambaliya ta rufe yake yin ƙwai, 'ya'yansa su girma a nan kafin su koma gulbi. In ambaliya ta ragu, kifi ya ragu, kada da tsuntsayen ruwa da Sarkawa masunta duk su ji a jikinsu. Ƙara da masu zuba gamalin a ruwa, da masu su da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsito. Abin da aka zuba a sama kuma yana iya taɓa na ƙasa. A 2010, lokacin da gubar dalma ta wurin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, abin da mutane suka fara lura da shi shi ne agwagi sun ɓace daga ƙauyuka.

TO, INA CANJIN YANAYI?

Yanzu mu zo kan ɗaya ɓangaren tambayarka. Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, tsofaffi sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Amma abin da ya faru daga ƙarshen shekarun 1960 ya sha bamban, domin ya daɗe. Shekarun 1950 shekaru ne na ruwa mai yawa. Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, aka yi babban fari a 1972 da 1973, aka sake yin wani a 1983 da 1984, wanda mutanen Nijar ke kira El-Buhari. In aka gwada da shekarun 1950 da 1960, ruwan sama a yankin Sahel ya ragu da kashi 20 zuwa 30 daga cikin ɗari. Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya koma ƙasa da 2,000 a shekarun 1980. A watan Yuni na 1985, Kogin Kwara da kansa ya tsaya da gudu a Yamai. Kai jama'a!

Tafkuna suka ƙafe, manyan itatuwa suka bushe a tsaye, makiyaya suka kwararo kudu da abin da ya rage na dabbobinsu, suka shiga sauran dazuzzukan da naman daji ke fakewa. Mai jin yunwa kuma ba ya tambayar ko barewa tana cikin doka. Abin ma bai tsaya nan ba. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke ƙetare hamada ya yi rani a ƙasashenmu, ya koma Turai ya yi ƙwai. A 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga fiye da kashi biyu cikin uku nasu ba su komo ba, da aka bincika sai aka tarar farin Sahel ne ya hallaka su.

Da farko masana sun ɗora laifin wannan fari a kan manoma da makiyaya, wai su suka cinye ciyawa da itace har ruwa ya ɗauke. Binciken da aka yi daga baya ya nuna babban dalilin yana can nesa, watau canjin zafin ruwan manyan tekuna, wanda ke jan iskar damina ko ya tura ta, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a ciki. Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wata sabuwar ɗabi'a. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu saukar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Shi ya sa kake ganin damina ta makara, a yi shuka ta ƙone, sa'an nan ruwan wata guda ya sauka a kwana biyu. Kun ga ambaliyar 2010, kun ga ta 2020 wadda ta cinye dubban gonakin shinkafa a Jihar Kebbi. Irin wannan ruwa in ya sauka a ƙasar da ba itace, ba ya nutsewa, sai ya kwashe ƙasar gona ya zuba yashi a gulbi, gurbin da dorina da giwan ruwa ke zama da rani ya cike. Zafi kuma sai ƙaruwa yake yi. Shekara ta 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa, kuma a watan Afrilunta zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Alhali kuwa Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya.

ABIN DA YA RAGE

Wani bincike da aka fitar a 2014 ya duba gandun daji 21 a Afirka ta Yamma, ya sami zaki a wuri huɗu kacal, jimlarsu wajen 400. Mafi yawansu suna dajin W da Arli da Penjari, a kan iyakar Nijar da Binin da Burkina Faso, yamma da ku. A Nijeriya sai Kainji da Yankari, kuma su duka ba su kai 50 ba. Giwa kuwa, shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2024 ya ce saura tsakanin 300 da 400 a ƙasar nan. Gauraka, wadda aka ƙiyasta ta haura 15,000 a Nijeriya a farkon shekarun 1970, yau ganinta sai an yi sa'a. Ungulu da ke cika mahautar kowace kasuwa, a 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, watau IUCN, ta sa ta cikin jerin masu gab da ƙarewa, saboda guba da kuma masu sayen kanta don magani. Ayu ma ana farautarsa don namansa da kitsensa, har a 2013 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Kada ka ce ina ruwanka da ungulu. A ƙasar Indiya, da wani maganin shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na ungulayensu a shekarun 1990, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Jefi-jefi kuma tsohon zamani yakan leƙo. A 2018 waɗansu giwaye sun ɓullo wajen Zariya Kala-Kala a Ƙaramar Hukumar Koko/Besse, suka shiga gonaki, gwamnatin jiha ta lokacin Gwamna Atiku Bagudu ta roƙi jama'a kada a taɓa su. A watan Oktoba na 2024 kuwa, a Yawuri, an kashe wata dorina bayan da ta hallaka wani mutum a bakin kogi. Waɗannan labarai biyu abu ɗaya suke nunawa. Dabbar tana bin hanyar da kakanninta suka bi, sai ta tarar hanyar ta zama gona. Manomin da aka cinye wa shinkafa kuma, in ba wanda zai biya shi, ba za ka ga laifinsa ba in ya ƙi jinin giwa. Wani sabon tashin hankali shi ne, dazuzzukan da suka rage, irin su Kainji da Kamuku da Kuyambana da W, 'yan bindiga sun mai da su maɓoya, ma'aikatan tsaron daji ba sa iya shiga wurare da yawa.

DARASI DAGA MAƘWABTA

Duk da haka, Malam, kada ka yanke ƙauna, don maƙwabtanku na Jamhuriyar Nijar sun nuna ana iya maido da abin da ya kusa ɓacewa. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma, wanda Turawa suka fara bayyana shi a 1898 daga wani da aka harbe kusa da Lakwaja, ya ƙare ƙaf a Nijeriya da Mali da Senegal. A 1996 saura 49 tak a duniya, duk a yankin Kure da Dallol Boso, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Abin mamaki, ba cikin gandun daji suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin ganyen gawo, wani lokaci har da waken manoma. Gwamnati ta tsananta hana harbi, ƙungiyoyi suka taimaki ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan rance, samari suka sami aikin yi wa baƙi jagora. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba. Sai dai harin da aka kai Kure a watan Agusta na 2020, wanda ya kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya kori masu yawon buɗe ido.

Na biyu shi ne sassaben zamani. Tun daga 1983, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman Maraɗi, suka lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sare tohon duka, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Ba sayen iri, ba ban-ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, yana kuma ƙara wa ƙasa taki. In itace ya dawo, tsuntsu da zomo da zuma sukan biyo shi. Jihar Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, amma wannan dabara ta Maraɗi ba ta jiran kuɗin gwamnati, wuƙa ko lauje kawai take bukata.

Na uku yana gidanku. Gurbin Matan Fada na Argungu, inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ana hana su a cikinsa sai lokacin biki, ranar kuma da homa da gora kaɗai ake shiga. Don haka ake fito da giwan ruwa wanda sai ƙato ya yi da gaske zai ɗaga. Hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin al'adun duniya a 2016. Tsarin nan na Sarkin Ruwa kowane gari mai tafki yana iya raya shi.

To Malam, in muka tattara, ga amsarka a taƙaice. Giwa da ɓauna da zaki sun bar ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ne galibi saboda gatari da garma da bindiga da annoba, kuma mafi yawansu sun tafi tun kafin a fara maganar ɗumamar duniya. Canjin yanayi ya zo ne ya tarar da daji ya riga ya raunana, ya ƙara masa nauyi, kuma shi ne babbar barazana ga abin da ya saura, watau gulbi da fadama da kifi da tsuntsaye da ita kanta ƙasar noma. Maganar gaskiya, giwa ba za ta sake zama a Giwa Tazo ba, don ba wurin da za ta zauna. Amma gawo da kuka da ɗorawa a gona, da ciyawar bakin gulbi da ke riƙe ƙasa, da tafkin da ake bari kifi ya hayayyafa, da ungulu a mahauta, waɗannan suna hannun masu unguwanni da hakimai da sarakunan ruwa da manoma irinka. Muna kuma ba ka shawara ka zauna da tsofaffin maharba da masunta na garinku tun suna raye, ka rubuta abin da suka gani da idonsu, da sunayen wuraren da suka gan shi, don wannan ma tarihi ne da ba ya cikin littafin kowa.